Takardun Mutanen Rami

Arlit, 4 ga Satumba 2022

Zuwa ga Yayata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Ki ce mata man da na aiko na shafawa ne, ba na ajiya a ƙasan akwati ba. Ni lafiyata lau, in ban da zafin garin nan da har yanzu bai ji labarin an shiga Satumba ba.

Na san za ki yi dariya, ki ce ƴar ordinatar, mai kwana a gaban kwamfuta, ta koma takarda da alƙalami. Laifinki ne. Saƙon murya in ya wuce minti ɗaya ba ki saurare, wasiƙa kuwa kina zama ki karanta wa Inna har da ƙarin gishirinki.

Kin tambaye ni wane irin aiki nake yi a ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan rami. Buro ɗinmu, wato ofis, ɗaki biyu ne a Akokan, bayan kasuwa, ba nisa da layin da muka zauna zamanin Baba. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai bara, mutane ke zuwa da takardunsu a leda: shaidar aiki, katin awo, hoton ƙirji. Muna ɗora su a sikana, hotonsu ya shiga babbar ordinatar da ake kira sarba, mu mayar wa mai su kayansa. A ƙarshen Nuwamba likitoci za su zo daga Yamai su duba ƙirjin mutane, kuma wanda dosiyensa, wato tarin takardunsa, ke cikin sarba shi kaɗai za a kira. Kin tuna tarin Baba, da yadda muka juye gidan nan muna neman takarda guda bayan rasuwarsa. Ba sai na faɗa miki dalilin da ya sa na karɓi aikin ba.

Mu huɗu ne. Elhadji Sidi shi ne shugaba, yana zuwa ƙarfe tara da makullan ɗakinsa a wuya. Baba Almu, tsohon mai gyaran wuta a rami, shi ke gadi da shara. Sai Malam Ramalan, mutumin Mirriya, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a ɗakin fitila yana ba masu shiga rami fitilunsu, yanzu shi ke karɓar takardu. Sai ni, mai kula da sarba, nakan iso daga Arlit a kabu-kabu wajen tara da rabi.

Ga abin da nake so in yi miki fahari da shi. Da na zo, kullum da rana sai in zauna in kwashe hotunan da suka shigo ɗaya bayan ɗaya, in kai su ma'ajiya, in share tsofaffi don wurin saukarsu ƙarami ne. Awa biyu cur, har idona ya riƙa ganin biyu-biyu. Sai na tarar da wani littafi da Bashar, wanda ya riƙe aikin kafin ni, ya bari. A ciki na koyi cewa sarba tana da wani baƙin allo, sunansa shel, inda ake rubuta mata umarni da kalmomi. In kin jera umarnin a takarda guda kin ajiye, ya zama iskirif. Kamar saƙon da Inna ke barin mana ne in za ta yi tafiya: ku yi kaza, in kun gama ku yi kaza. Bambancin kawai, sarba ba ta ƙorafi kamar ke.

Kwana goma na yi ina fama, ina kuskure ina gogewa. Yanzu ina da iskirif na kaina, layi goma sha huɗu. Yana cewa: abin da ya shigo yau, kwafe shi zuwa ma'ajiya, abin da ya wuce kwana talatin a wurin sauka, share shi. Na sa shi ya riƙa tashi da kansa kullum ƙarfe ɗaya na rana. Ina alwalar azahar, aikin awa biyu ya gama kansa. Ranar farko sai da na yi guɗa, Baba Almu ya leƙo da tsintsiya a hannu yana zaton kunama ce.

Malam Ramalan kaɗai bai yi murna ba. Ya tsaya a bayana yana kallon allon, ya ce shi bai saba da aikin da ake yi ba mai kallo ba. Na ce a raina tsufa ne. Yana da wani ɗan kundi mai baƙin bango, duk wanda ya sallama sai ya rubuta wani abu a ciki ya mayar aljihun ƙirji. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce sabo ne kawai, ya sauya magana.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida yara. A turo mini kuka da daddawa in an sami mai zuwa.

Ƙanwarki,
Siddiƙa


Arlit, 2 ga Oktoba 2022

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Kuka ta iso, Allah Ya saka da alheri. Wannan wasiƙar kada ki karanta wa Inna, kuma kada ki kira ni a waya a kan maganar. Ban ƙara yarda da waya ba.

Takardu suna ɓata, Yaya. Ranar Litinin wani dattijo, Malam Fatahu, ya zo neman a fitar masa da kwafin hoton ƙirjinsa, na ainihin ruwa ya jiƙa masa shi. Na buɗe ma'ajiya, babu shi. Na duba wurin sauka, babu shi. Ya rantse ya kawo takardunsa makonni biyu da suka wuce, Malam Ramalan ma ya ce da hannunsa ya ɗora su, da idonsa ya gan su a allo. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa a duba musu. Zuwa jiya mutum tara ne ba su cikin sarba.

Kada ki ce ban fara da kaina ba. Na karanta iskirif ɗina ya fi sau goma, layi-layi. Na ɗora katin shaidata a sikana da ƙarfe goma sha ɗaya, na zauna na tsare allon, ƙarfe ɗaya na yi ya wuce ma'ajiya lafiya lau. Na maimaita kwana uku. Hannuna fes yake.

Sai na jera sunayen taran nan a takarda, kuma abin da na gani ya hana ni cin tuwo. Dukansu mutanen rami ne, waɗanda suka yi aiki a can ƙasa, masu tari irin na Baba. Direbobi, masu gadi, ma'aikatan sama, matan da mazansu suka rasu, ko ɗaya bai ɓata ba. Kuma duka taran Malam Ramalan ne ya karɓe su, da sassafe, kafin kowa ya zo. Shi ke buɗe buro ƙarfe shida da rabi, wai saboda mutanen rami ba su iya zuwa da rana. Ke ki faɗa mini, wace irin na'ura ce ke zaɓen marasa lafiya ta haɗiye, ta bar masu lafiya? Na'ura ba ta san mai tari ba. Mutum ne ya sani.

Tun daga nan idona na kansa. Ya yi sabuwar waya, ya ce ɗansa ne ya aiko masa daga Agadas. Ranar Laraba wata farar mota ta tsaya a bakin kasuwa, ya ɗauki kusan minti goma yana magana da mai ita ta taga. Da na tambaya, wai tsohon abokin aiki ne. Kowa a garin nan tsohon abokin aikinsa ne! Ga kuma kundin nan da ba ya rabuwa da shi ko zai shiga bayi. Me ake yi da jerin sunayen marasa lafiya a aljihu, in ba akwai wanda ake kai wa ba? Ban san wane ne ba, amma kin san ba kowa ke son likitocin nan su tarar da layi mai tsawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan ya san Baba. Ranar da na fara aiki, ina faɗin sunan mahaifina ya kawo lambar fitilarsa da ka, 1147, har sai da na yi hawaye. Kullum da hantsi yakan ajiye mini shayi a gefen tebur. Yanzu in ya ajiye sai in bar shi ya huce, in zubar a gindin bishiya in ya juya baya. Na daina barin jakata a ɗakin. Shi kuma yana lura, don shekaranjiya ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

Ki taya ni addu'a. Ina jin ba zan iya riƙe maganar nan a cikina ba.

Taki,
Siddiƙa


Arlit, 16 ga Oktoba 2022

Yaya Hansai,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki. Kin ce in yi a hankali, zato ba shaida ba ne. Wasiƙar ta iso bayan an gama.

Na kai wa Elhadji Sidi takardar sunayen, lokacin sun zama goma sha huɗu. Na nuna masa iskirif ɗin, ko da yake kallonsa kawai ya yi kamar an miƙa masa rubutun Sin. Ya tambaye ni ko na tabbata ba daga na'ura ba ne. Na ce na tabbata. Da bakina na faɗa, har na ƙara da rantsuwa.

Ranar Asabar aka tara kwamiti, dattawa bakwai a kan benci. Aka kira Malam Ramalan. Ya ce duk takardar da aka ba shi ya ɗora, bai san abin da ya faru bayan haka ba. Wani daga cikinsu ya miƙa hannu ya ce ya fito da kundin aljihunsa. Malam Ramalan ya dafe ƙirji, ya ce da roƙonsa aka yi da ya bayar tun jiya, amma ba za a karɓe shi a hannunsa kamar an kama ɓarawon akuya ba. Ya ce shekara ashirin da biyu yana ƙirga su suna shiga yana ƙirga su suna fita, ba a taɓa sa shi ya maimaita ba. Ya ciro makullai ya ajiye a kan tebur, ya yi sallama ya fita. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. A lokacin na ce a raina mai gaskiya ba ya ɓoye kundi.

Akokan ƙaramin wuri ne. Kafin Litinin har masu sayar da gawayi sun ji. An ce a masallacin unguwarsu mutane na barin gurbi tsakaninsu da shi a sahu. Malam Fatahu, wanda suka yi shekaru suna shan shayi tare, ya hango shi ya tsallaka titi. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji wani iri, amma na ce wa kaina Baba nake rama wa.

Yanzu ni ke buɗewa ƙarfe shida da rabi. Kin san abin da na tarar? Mutanen ramin nan a tsaye a bakin ƙofa, cikin layi, kowa da ledarsa, wasu har da tsohon takalmin aiki. Shekara ɗaya da rabi da rufe rami, amma jikinsu bai ji ba. Lokacin da kar, babbar motar ma'aikata, ke ɗaukar su a da, lokacin suke fitowa, ko da ba inda za su. Ashe ba Malam Ramalan ne ya zaɓa musu safiya ba. Wannan kam na zalunce shi a kai.

Amma ga abin da ya sa nake rubuto miki. Ranar Alhamis na ɗora takardun mutum huɗu da hannuna, na ga sunayensu a allo. Da la'asar na duba, babu su. Malam Ramalan yana gidansa. Ko dai ya san kalmar sirri yana shigowa daga nesa da sabuwar wayar nan, ko kuma yana da abokin baki a cikinmu. Na sauya kalmar sirri. Jumma'a na ɗora uku, su ma sun tafi. Yanzu Baba Almu nake kallo, don shi kaɗai ke riga ni isowa, kuma na taɓa ganin yana shafa bayan sarba da tsumma. Har Elhadji Sidi ban cire shi ba. In na ji motsin takalmi a bayana sai in rufe allo.

Ki gaida Inna, ki ce mata aiki ne ya yi yawa.

Siddiƙa


Arlit, 23 ga Oktoba 2022

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa sai kin karanta.

Na kama mai share takardun. Ni ce.

Ranar Talata na yi niyyar kama Baba Almu hannu dumu-dumu. Na sa mai kabu-kabu ya zo da wuri, ƙarfe shida daidai ina ƙofar buro. Na tarar da shi a gaban akwatin wutar da ke jikin bango. Ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe wani jan kwaɗo, ya ɗaga babban makunni. Fitilu suka kama, na ji sarba ta yi tari a cikin ɗaki ta fara tashi. Na tambaye shi ko an ɗauke wuta ne jiya. Ya dube ni da mamaki, ya ce shi ya kashe, kamar kullum. A rami doka ce: wanda ya fita ƙarshe shi ke yanke wuta ya rataya kwaɗonsa, kada wani ya kunna alhali hannun ɗan'uwansa na cikin inji. Shekara talatin yana haka, kuma tun ranar da aka buɗe buron nan bai taɓa fashi ba, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Ni kuwa biyar nake tashi. Littafin Bashar ya ce ba a kashe sarba, ni kuma na ɗauka abin da aka rubuta shi ake yi.

Na shiga na buɗe baƙin allon, na tambayi sarba kwanan wata. Ta ce mini yau ɗaya ga Janairu, 2010.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, ko da yake ni ma sai da na zauna a ƙasa. A cikin kowace ordinatar akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata lokaci in an kashe ta. Sarbarmu tsohuwa ce, kyauta aka ba ƙungiya, batirinta ya mutu tun ba yau ba. Kullum da safe tana tashi a 2010. Ƙarfe tara Elhadji Sidi ya zo ya buɗe ɗakinsa ya kunna akwatin intanet, sai ta tambayi duniya lokaci, ta gyara agogonta shiru ba wanda ya sani. Ni da nake zuwa tara da rabi ban taɓa ganin ta da kuskure ba. Ko da na fara zuwa da wuri, sunaye nake dubawa a allo, ban taɓa duba kwanan watan da ke gefensu ba.

Duk takardar da aka ɗora kafin tara, tambarin 2010 take ɗauka. Ƙarfe ɗaya iskirif ɗina ya tashi. Ya nemi abin da ya shigo yau, bai gan ta ba, bai kwafe ta ba. Ya nemi abin da ya wuce kwana talatin, ya ga mai shekara goma sha biyu, ya share. Ya yi daidai abin da na ce masa, ina can ina alwala. Kuma wa ke zuwa kafin tara? Mutanen rami. Wa ke karɓar su? Kin sani.

Ban yarda ba sai da na gwada. Na ɗora katin shaidata ƙarfe bakwai, na zauna na ƙi motsawa har azahar. A gaban idona ya ɓace. Gwajin da na yi miki fahari da shi, duk da ƙarfe goma sha ɗaya na yi shi, lokacin da ya fi mini sauƙi.

Na tsayar da iskirif ɗin nan take. Batirin a shagon mai gyaran agogo na same shi, Baba Almu ya sa shi cikin minti biyar yana ba ni haƙuri, shi da bai yi komai ba sai abin da ya tsare rayukan mutane shekara talatin. Na gyara rubutun: yanzu kafin ya taɓa komai sai ya duba shekara, in ya ga ba daidai ba ya tsaya. Ba ya share komai sai ya tabbata akwai kwafinsa a ma'ajiya, kuma duk abin da ya yi yana rubutawa a wani fishiye, wato fayil, in karanta. Layi shida kawai na ƙara, Yaya. Layi shida ne tsakanin mutumin nan da mutuncinsa.

Ba wanda ya san gaskiyar sai ni, don Baba Almu yana zaton batir kawai muka sauya. Takardu sun daina ɓata, kuma jiya na ji wani na cewa ai tun da aka kori munafuki komai ya daidaita. In na yi shiru, haka za ta zauna har abada, ni kuma in ci gaba da zama ƴar ƙwarai mai kaifin ido. Kwana biyar ke nan ina juya wannan a raina, kuma ina jin kunyar cewa har na ɗauki kwana biyar.

Kada ki rubuto mini abin da ya kamata in yi. Na sani.

Ƙanwarki,
Siddiƙa


Arlit, 13 ga Nuwamba 2022

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da maigidan da yara. Wannan ki karanta wa Inna duka, har da na baya da na ce ki ɓoye.

Na faɗa. Ban yi a ɗakin Elhadji Sidi ba, don ba a ɗaki aka ɓata sunan ba. Na yi a bakin ƙofa, ƙarfe shida da rabi, gaban layin mutanen rami, washegari kuma na maimaita gaban kwamiti. Na ce ba wanda ya sayar da kowa, rubutun hannuna ne ya share takardunsu, kuma rantsuwar da na yi a kan abin da ban bincika ba na yi ta. Wasu ba su gane zancen batir ba, amma kowa ya gane sauran. Malam Fatahu ya cire hularsa ya riƙe ya kasa mayarwa. Ban san ko za a bar ni a aikin bayan likitoci sun tafi ba, kuma ban tambaya ba.

Da hantsi muka tafi gidan Malam Ramalan, ni da Elhadji Sidi da dattawa uku. Mun tarar an ɗaure katifu, tukwane na cikin buhu. Ya shimfiɗa mana tabarmar da ta rage. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini tambaya biyu a kan agogon, ya gyaɗa kai. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ai koyo nake yi. Elhadji Sidi ya miƙa masa makullai, bai karɓa ba. Ya ce ni wata huɗu na san shi, ba mamaki in yi zato. Amma waɗanda ya miƙa wa fitila shekara ashirin da biyu, kwana biyu ya ishe su su juya masa baya. Ya yafe musu su ma, sai dai ba zai iya sake tsayawa a sahu ɗaya da su yana lura da faɗin gurbi ba. Ya riga ya sanar da ƴan'uwansa a Mirriya yana tafe.

Da za mu tashi ya kira ni da sunan Baba, ya ciro kundin daga aljihu ya sa a hannuna. Na buɗe a kan kabu-kabu. Ba komai a ciki sai rana, da suna, da lambar fitila, da unguwar da mutum yake zaune, sai ƴar alama biyu a gefe: ɗaya an karɓi takarda, ɗaya an mayar. Yadda ya saba yi a ɗakin fitila ke nan, wanda ya shiga da wanda ya fito. Mu mun san mutum goma sha huɗu da suka ɓata a hannunsa, ban da bakwai na hannuna. Da na gwada kundin da ma'ajiya, ya nuna arba'in da uku. Sauran ba su ma san sun ɓata ba, da sai ranar likitoci su zo su tsaya a layi a ce ba sunansu.

Makonni biyu ke nan ni da Baba Almu muna bin gida-gida da kundin, daga Akokan har bayan tashar Arlit. Mun samo arba'in da biyu, an sake ɗorawa, na duba kowanne da idona a ma'ajiya. Yanzu ni ma ina da kundina mai baƙin bango.

Saura ɗaya, kuma shi ne layin farko. Ranar ɗaya ga Satumba, ranar da iskirif ɗina ya fara aiki, Malam Ramalan ya ɗora nasa takardun da sassafe kafin ya karɓi kowa. Hoton ƙirji uku, Yaya. Ban taɓa sanin yana da su ba, ko da yake wata huɗu ina jin tarinsa ta bango. Tun ranar da Malam Fatahu ya zo, Malam Ramalan ya san nasa ma sun tafi, kuma bai faɗa a gaban kwamiti ba, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya hau kar ranar Alhamis ɗin da ta wuce waccan, takardun na cikin jakarsa. Na kira sabuwar wayar nan sau shida, tana shiga ba a ɗauka.

Ga roƙona. Daga Damagaram inda kike zuwa Mirriya ba nisa. Ranar Lahadi ki shirya ki je, ki tambayi gidan su Ramalan mai fitila, kusa da kasuwa. Ki tafi da goro, ki ce ke ce babbar ƴar mai lamba 1147. Ki roƙe shi ya ba ki takardun ki ɗauki hotonsu da waya ki turo mini, ko da sun fito a karkace zan gyara. Likitoci za su iso ashirin da takwas ga wata, kuma sun ce wanda ya yi nisa za a iya duba shi a Damagaram in dosiyensa na ciki. Kada ki miƙa hannu kafin ya miƙo. In ya ce a'a, ki yi masa godiya ki taso, kada ki matsa.

Na buɗe masa dosiye a ma'ajiya da sunansa, ba komai a ciki. Kullum ƙarfe ɗaya iskirif yana rubuto mini cewa komai ya cika, ni kuma in buɗe kundin in ga layin farko.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'a, ta sa shi kafin ni.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Siddiƙa